Kafin ka ba da kuɗin gida a Garwa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a Garwa, a arewacin Kamaru, kafin Allah ya ba ni ikon sayen nawa, a cikin shekarun nan gida huɗu na zauna, kuma uku daga cikinsu akwai abin da ya kore ni. Na farko ruwa ne, na biyu kiɗa har ƙarfe uku na dare, na uku maigidan ne ya ce ɗansa zai yi aure mu tashi cikin wata ɗaya alhali matata na da tsohon ciki. To shi ya sa lokacin da kuɗi suka taru ban yi gaggawa ba, kusan shekara ɗaya da rabi na yi ina nema, har wasu suna cewa na cika tsirfa. Yanzu su ne dai suke kira na suna tambaya yaya aka yi na samu unguwa mai shiru haka, yara na wasa a ƙofar gida ba fargaba. Abin da nake faɗa musu ne zan rubuta a nan, Garwa na fi sani amma wanda ke Marwa ko Ngaundere zai ga kusan duk abu ɗaya ne tunda doka ɗaya ce.

Ka fara daga cikin gidanka tukuna. Ka zauna da maiɗakinka ku yi magana ta gaskiya, don ita ce za ta wuni a gidan, kai ka fita tun safe sai magariba. Ni da farko hankalina yana kan falo babba da wajen ajiye mota, ita kuwa da na tambaye ta sai ta ce, Baban yara ni dai ka nemo mini tsakar gida mai faɗi da inuwa, da ruwa wanda ba sai an jira mai kura ba, kuma makarantar yara kar ta zama sai sun tsallaka babban titi. Wallahi waɗannan abubuwa uku su suka zama ma'aunina har ƙarshe, falon ma ban ƙara tunawa da shi ba. Sannan kuɗi. In miliyan goma ke hannunka kar ka nemi gidan miliyan goma, domin akwai kuɗin noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, akwai harajin rajista, akwai jeyomet mai auna fili, akwai la'adar dillali, ga gyara wanda ba makawa sai ka yi ko da gidan sabo ne. Na ga wanda ya zuba komai a kan farashi, aka zo maganar takardu ba ko sisi, shekara biyar gidan na ɗauke da sunan tsohon mai shi.

Unguwannin Garwa kowacce da halinta. Filato shiru ne sosai, tituna masu faɗi, ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata, amma kuɗinsa ba na kowa ba ne kuma yaro zai iya wuni bai ga sa'ansa a waje ba. Marware ma mutane na so saboda natsuwa. Fulɓere da kewayen fadar Lamiɗo tsohon gari ne, kowa ya san kowa, tarbiyya akwai, sai dai lunguna matsattsu kuma yawancin gidajen na gado ne, zan zo kan maganar gado. Pumpumre kana kusa da babban masallaci da tsakiyar gari. Rumde Ajiya an gyara hanyoyi lokacin gasar ƙwallon Afirka da aka buga a farkon 2022, amma ka tuna ranar da ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ke wasa a filin ƙwallon da ke can, unguwar cika take yi. Yelwa akwai harka, akwai kuma wuraren shaƙatawa da ba sa rufewa da wuri. Jambutu da Lainde gari na ta faɗaɗa ta can, Bokle kuma ƙetaren gada ne ta hanyar Ngaundere, fili ya fi sauƙi amma kullum sai ka haye gada ka dawo, ka lissafa kuɗin mai ko na kalando, wato babur na haya, a wata kafin ka ce ya yi arha. Ban ce ga wadda ta fi ba, don a unguwa ɗaya za ka samu layi mai daɗi, ka karya kwana ka faɗa layin da ba za ka iya kwana ɗaya ba. Layin kake saye.

Dillali zai kai ka ganin gida da hantsi, wajen ƙarfe goma, lokacin yara na makaranta, maza sun tafi kasuwa, ko'ina tsit. Wannan shirun ba shi ne na gaskiya ba. Ka koma kai kaɗai ba tare da shi ba, ka je bayan isha'i ka zauna wajen mai shayi ko kan benci a ƙofar shago kamar awa ɗaya, ka je daren Asabar, ka je da asuba ka yi salla a masallacin layin, ka je ranar Juma'a da rana. Akwai gidan da na kusa saye, komai ya yi, bishiyar dalbejiya biyu a tsakar gida, da na koma daren Asabar sai na tarar gidan da ke bayan katanga ashe mashaya ce, da rana ƙofar a rufe kamar gidan mutane, da dare kujerun roba har bakin titi. Ban ko sake kiran dillalin ba. Ka duba injin niƙa, ka duba garejin walda, ka duba inda 'yan kalando ke taruwa, ka duba ko akwai babban janareto na wani otel ko gidan burodi a kusa, don ranar da aka ɗauke wuta shi zai hana jariri barci. Kuma ka lura da yara da yamma bayan la'asar, in ka ga ƙananan yara mata da maza na wasa a waje, tsofaffi na zaune kan tabarma suna kallonsu, mata na shiga gidajen juna, to wannan layi ne mai rai. In ka ga kowa ya kulle ƙofa tun kafin magariba, katanga duk an jera fasassun kwalabe da waya mai ƙaya, ka tambayi dalili.

Tambaya kuwa ka san wanda za ka yi wa. Mai shagon layi ya san komai, wa ke biyan bashi, wane gida ake faɗa, yaushe aka yi sata ta ƙarshe. Limami ko ladani ma haka. Ni wani tsoho na samu yana alwala a ƙofar masallaci, na gaishe shi na ce, Baba ina son in zama maƙwabcinku ne in Allah ya yarda, yaya zaman layin nan yake. Ya dube ni ya ce, ɗana wane gida, na nuna masa, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, gidan lafiya lau, amma ka tambayi mai shi ko ƙannensa mata sun san zai sayar. Wannan kalma ɗaya ta tsame ni daga rigimar da har yau ana kotu a kanta da wanda ya saya bayana. Ka kai wa jauro ko lawan na unguwa gaisuwa tun kafin ciniki, ka riƙe ɗan goro, ba don ya sa maka hannu a takarda ba, don ka ji tarihin filin daga bakinsa.

Sai maganar ruwan sama, wadda a ganina ita ce aka fi yin sakaci da ita a garin nan. Garwa a bakin Binuwai take, kuma sama da mu akwai madatsar Lagdo, in ta cika dole a buɗe. Duk wanda ya ga 2012 bai manta ba, ƙarshen Agusta zuwa Satumba, unguwannin gangare suka koma tafki, mutane suka kwana a makarantu. Ɗan baffana ya sayi gida a watan Maris na shekarar, lokacin zafi ƙasa ta bushe ƙaƙas, gida mai kyau da sabon fenti, wata biyar tsakani muka je kwashe masa kaya ruwa har ƙugu, buhunan masara da ya ajiye a ɗakin baya duk suka tsira, katifa muka ɗauka mutum huɗu don nauyin ruwa. Matarsa tana tsaye a kan tudu da yara tana kuka, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Don haka in da hali kar ka biya kuɗin gida sai ka gan shi a watan Agusta, ka je ana tsakiyar ruwa ko da an ɗauke da awa ɗaya, ka ga inda ruwan layin ke bi, ka ga ko mota ko kalando na iya shiga. In ba za ka iya jira damina ba, to ka duba gindin katanga ta waje, ba ta gidan da za ka saya kaɗai ba don shi an shafe shi da fenti, ta maƙwabta, ruwa na barin zane kamar an ja layi da alli. Ka duba ƙofofin layin, in ka ga kowa ya gina dakali mai tsawo a bakin ƙofa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ko an jera buhunan yashi, ka san me suke tarewa. 'Yan Marwa ku ma kun sani, rafin mayo Kaliyawo rani yashi ne zalla yara na ƙwallo a ciki, damina kuwa yana cin gaɓa, a 2020 gadar Palar ma karyewa ta yi. Na Kuseri da Yagwa kam ba sai an faɗa musu ba.

Ƙasa ma a duba. Baƙar laka irin wadda Fulani ke kira karal, wadda ake shuka muskuwari a kanta, da damina kumbura take da rani ta tsage, gini a kanta in ba a zurfafa tushe an ɗaure da ƙarfe sosai ba sai ka ga bango ya rabe daga sama har ƙasa. Tsaga siririya a kan shafe ba komai ba ce, amma wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga, yatsa na shiga, wannan ta tushe ce kuma siminti ba ya maganinta, a toshe bana ta buɗe baɗi.

Ruwan sha da wuta. Kar ka yarda da ganin famfo, ka murɗa shi, kuma ka tambayi matan layin sau nawa yake zuwa a mako a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, don akwai layukan da sai tsakar dare ruwa ke hawa. In rijiya ce ko foraj, wato burtsatse, ka auna nisanta da shadda, ta gidan da ta maƙwabci a bayan katanga, wannan ba wasa ba ne, mun ga abin da kwalara ta yi a arewa a 2010. Kontar wuta da ta ruwa, wato mita, ka nemi a nuna maka faktir, takardar kuɗi, na ƙarshe da shaidar biya, ka ga sunan wa ke kai, kar ka gaji bashin wani. In wutar ta jawowa ce daga gidan maƙwabci ba kontar kanta, ka sa kuɗin sabuwar kontar a lissafi. Kuma gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta ko ya shigo cikin hanya, bar shi ko da kyauta ne, ranar da za a faɗaɗa titi jan fenti kawai za ka tarar a bango.

Ginin kansa kar ka duba shi kai kaɗai. Ka ɗauki magini wanda ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin wuninsa. Nawa da muka shiga bai ko kalli fenti ba, tsani ya nema ya ɗaga falafo ɗaya na silin ya leƙa da tocila, ya sauko da garin katako a tafin hannu ya ce, Alhaji gara ta gama da rabin katakon nan, iskar farkon damina ɗaya za ta yaye kwanon. Da wannan muka rage farashi har kuɗin sabon rufi ya fita. Ya ɗauki ƙusa ya karci bulo, in yana zuba kamar gari to an yi rowar siminti. Ku duba ɗakunan kwana ina suka fuskanta, ɗakin da bangonsa ke shan ranar yamma a Garwa tanda ne har tsakar dare, ku duba tagogi ko iska na ratsawa. Ku duba zaure ko ƙofar ta ba da sutura, mai wucewa ba ya hango tsakar gida, kuma ko akwai bene a kusa da ke leƙa muku. Shadda ta kusa cika ko da saura, motar kwasa za ta iya isowa, ruwan wanka ina yake fita, don rabin faɗan maƙwabta a kan kwata ne.

Dillalai akwai na kirki, da yawa ma, kuma ba tare da su ba da wuya ka ji labarin gidan sayarwa. Amma ka sani shi cinikin yake so ya faɗa. Ku yanke la'ada tun ranar farko, nawa ne, wa zai biya, kai ko mai gida ko ku raba, kuma sai an sa hannu a gaban noter za a ba shi. In ka ji ana cewa mai gidan yana Duwala ko Yawunde ba sai ka gan shi ba, ko wani Alhaji zai kawo kuɗi gobe da safe ka ajiye wani abu yau, to ka riƙe aljihunka. Gidan da rabonka ne ba zai gudu cikin kwana ɗaya ba. Dole ka ga mai gida ido da ido, da katin ɗan ƙasa a hannunsa, in wakili ne ya kawo takardar wakilci ta noter.

To yanzu takardu, a nan ne mutanenmu suka fi kuka. A Kamaru takarda ɗaya ce hukuma ta sani a matsayin shaidar mallakar ƙasa, ita ce titir fonsiye. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 ce ta kafa wannan tsari, sai dokar 27 ga Afrilu 1976 ta bayyana yadda ake samun titir ɗin, aka gyara ta a Disamba 2005 aka sauko da aikin zuwa matakin departema, yankin mulki na kusa da mu, wato mu a nan ba sai an je Yawunde ba. Kuma dokar 1974 ɗin ta faɗa a sarari, cinikin fili ko gida mai titir sai a gaban noter, in ba haka ba cinikin banza ne a idon shari'a. Takardar da aka rubuta a zaure, shaidu huɗu suka sa hannu, jauro ya buga hatimi, tana da amfaninta a tsakanin mutane amma ba ta mayar da kai mai gida a littafin hukuma ba. Ko hatimin komisariya, ofishin 'yan sanda, aka buga mata ba ta zama titir ba.

Ga yadda na bi. Na karɓi kwafin titir daga mai gida, na tafi da lambar ofishin konservasiyo fonsiyer mai ajiye rajistar filaye, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar filaye MINDCAF, na nemi sertifika na mallaka, wanda suke kira sertifika də propriyete, sabo fil ba wanda mai gida ya ciro bara ba. Ita wannan takarda za ta nuna maka sunan wanda ke kan titir a yau, faɗin filin, da kuma ko an jinginar da gidan a banki ko wani ya shigar da ƙorafi a kai. Mutum zai iya riƙe titir mai kyau a hannu alhali ya ci bashin banki da gidan, kai ba ka sani ba sai ranar da aka zo gwanjo. Bayan nan na ɗauko jeyomet na kadastar, ofishin auna filaye, muka je da taswirar filin ya nemo bornonin nan, alamomin iyaka na siminti, a kusurwa huɗu, ya auna, domin yana faruwa titir na gaske ne amma na filin da ke gefe ne, ko katanga ta ci mita biyu na maƙwabci. Sannan na je meri, ofishin magajin gari, na karɓi sertifika na urbanism, mai nuna ko wajen an yarda a yi gidan zama, ko hanya za ta bi ta kai. In akwai takardar izinin gini ta tsohon mai gida ka karɓa ita ma, da rasit na harajin gida.

In gidan yanki ne daga cikin babban fili mai titir ɗaya, kamar yadda ake yi mutum ya yanka filinsa goma ya sayar, to abin da za a yi shi ne morselma, a cire maka naka da sabon titir da sunanka. In duka filin ne, mutasiyo za a yi, a juya sunan. Duka biyun noter ne ke tura dosiye, wato fayil ɗin takardun, kai dai ka nemi ya rubuta maka lissafin duk abin da za ka biya tun kafin a fara, kuɗinsa daban na haraji daban, ka kuma riƙa bibiya da ƙafarka kana karɓar rasit na kowane sisi. Kar ka yarda da maganar ka zauna a ƙarƙashin titir ɗina ai mu 'yan uwa ne. Yau ku 'yan uwa ne, gobe ya rasu 'ya'yansa ba su san ka ba.

Gidan gado shi ne mai arha kuma shi ne mai haɗari. Mahaifi ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu daga mata uku, babban wa ya riƙe takarda ya ce shi ne mai magana. Ba ya isa. Ka nemi hukuncin kotu na gado wanda ya lissafa magada duka, da takardar zaman iyali da ta nuna sun amince a sayar, kuma kowane baligi ya sa hannu ko ya ba da wakilci, mata da waɗanda ke aure a Yola ko Njamena duk a ciki, marayu ƙanana kuma a san wa ke tsaya musu a shari'a. Ban da maganar kotu ma, ɗan uwa, ya za ka kwanta da 'ya'yanka a ɗakin da haƙƙin marainiya ke ciki. Ni na gwammace in ƙara shekara a haya.

Na san abin da wasu za su ce, ai yawancin gidajen unguwanninmu ba su da titir, in an ce sai mai titir talaka ba zai taɓa sayen gida ba. Gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Amma ka shiga da ido buɗe, doka ba ta yarda da sayar da filin da ba shi da rajista ba, abin da ake rubutawa takardar barin haƙƙin gargajiya ce kawai, kuma irin wannan filin ne ake sayar wa mutum biyu ko uku. In dole ce ta sa, to farashin ya zama ƙasa sosai da na mai titir, maƙwabta na kusurwa huɗu su tsaya a kan iyaka su shaida, jauro da lawan su sani, iyalan mai sayarwa su sa hannu, ka tare nan da nan kar ka bar shi kango, sannan washegari ka fara neman takarda ta ofishin su-firefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, inda kwamiti zai fito ya ga wajen a dasa born. Wanda iyayensa suka raya filin tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana da hanyar neman titir kai tsaye, saboda haka wani lokaci ya fi sauƙi ka sa mai gidan ya ciro titir da sunansa tukuna, ko da kai za ka taimaka da kuɗin a cire daga farashi, sannan ku je noter. Wanda ya raya bayan wannan rana hanyar konsesiyo zai bi, wato ya nemi hukuma ta ba shi filin, ta fi tsawo. 'Yan uwanmu da suka zo daga Najeriya ko Cadi ba su da takardar zama ɗan Kamaru, su tambayi noter tun farko, don cinikin baƙo sai da amincewar ministan filaye, kuma yankin bakin iyaka akwai hani.

Biyan kuɗi kuwa, kar ka ɗauki miliyoyi a leda ka kai zauren mutum da dare. Ta banki ko ta hannun noter, ranar sa hannu. In za a ba da kafin alƙalami a rubuta shi a gaban noter ɗin, da sharaɗin in takarda ta fito da matsala za a mayar maka da kuɗinka. Ma'aikata masu albashi, ana cire muku kashi 1 cikin ɗari duk wata na Crédit Foncier, bankin da gwamnati ta kafa a 1977 don rancen gidaje, kuna da damar zuwa ku tambayi sharuɗɗansu, su ma dai titir za su fara nema. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, kamar ni, ya tambayi malaminsa ya kuma yi haƙuri da hanyar tari. Ni adashe biyu na shiga, na sayar da shanu huɗu da nake kiwo wajen Pitowa, matata ta kawo sarƙarta da kanta ba tare da na tambaya ba, na rubuta mata takardar bashi a gaban yayanta kuma na biya ta cikin shekara biyu. In iyalinka ta sa kuɗi, ko ka biya ta ko a sa sunanta a takarda, kar a bar shi a baki.

In akwai 'yan haya a gidan, a gama maganarsu kafin ka biya, mai sayarwa ne zai sallame su cikin mutunci da wa'adi, ka tambaya ko sun biya na watanni gaba. Ni da aka taɓa kora da mace mai ciki ban iya yi wa wani haka ba, wata uku na ba mutumin da na tarar, ya tashi muna gaisawa har yau.

Ranar da aka ba ka makulli ka canja kwaɗo duka, ka je ka juya sunan kontar wuta da ta ruwa, titir in ya fito ka yi kwafi uku, asalin ka sa a leda mai kauri cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa, kwafi ɗaya wajen ɗan uwan da ka yarda da shi, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. Ka nuna wa matarka da babban ɗanka inda yake. Kafin mu kawo kaya sai da muka yi feshin gara muka gyara rufi, na sa aka yi sauka aka dafa abinci aka raba gida gida a layin, ni kuma na bi ƙofa ƙofa da yamma ina gabatar da kaina. Tsohon da ke gidan dama da mu ya riƙe hannuna ya ce, ɗana bishiyar nan ta ƙofarka ni na dasa ta da tsohon mai gidan, don Allah kar ka sare. Na ce Baba ba zan taɓa ta ba. A ƙarƙashinta yarana ke karatun allo yanzu da na maƙwabta bayan la'asar.